Ƙirar Zaren Gizo-gizo: Abin da Awon Maganaɗisu Ya Bayyana

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san gizo-gizo tun ba yau ba. A tatsuniya shi ne Gizo mijin Ƙoƙi, mai wayo da dabara. A ɗaki kuwa shi ne mai yanar da ake sa tsintsiya a share. Ko a zamanin nan, da aka nemi sunan da za a kira intanet da shi, sai aka ce yanar gizo. Amma duk da wannan sabo, ba kasafai ake tsayawa a tambayi da me aka yi zaren ba, balle a nemi dalilin da ya sa abu siriri haka yake tare ƙwaro mai tahowa a guje ba tare da ya tsinke ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan binciken da wata masaniyar kimiyyar sinadarai ƴar Amurka, Lynn Jelinski, ta gudanar tare da abokan aikinta a Jami'ar Cornell cikin shekarun 1990. Za a ga irin na'urar da suka yi amfani da ita, da dabarar da suka yi, da abin da suka gano, da kuma inda aka kwana bayan aikin nasu.

2.0 Zaren da Ake Magana a Kansa

Gizo-gizo mai saƙa yana zagayayya ba zare iri ɗaya yake fitarwa ba. A cikin cikinsa akwai ƴan jakunkuna har iri bakwai, kowace da abin da take samarwa: akwai zaren naɗe ganima, akwai na lulluɓe ƙwai, akwai mai danƙo na kama ƙwari. Wanda masana suka fi mai da hankali a kansa shi ne wanda gizo-gizo yake reto da shi idan ya sauko daga rufi. Da shi ne kuma yake kafa iyakar yana da zaruruwan da suka taso daga tsakiyarta kamar wayoyin ƙafar keke. A nan za a kira shi zaren lilo.

Zaren lilo ya fi gashin kan mutum sirantaka sau goma ko fiye. Idan aka ɗauki shi da wayar ƙarfe mai kyau masu kauri ɗaya, nauyin da za su iya ɗauka kafin su tsinke ya yi kusa da juna, alhali zaren bai wuce kashi ɗaya cikin shida na nauyin ƙarfen ba. Bugu da ƙari, yana iya miƙewa da kusan kashi 30 cikin 100 na tsawonsa kafin ya katse. Haɗuwar waɗannan halaye biyu ita ce abin mamaki. A al'ada, abu mai ƙarfi ba ya talewa, kamar gilashi. Abu mai talewa kuma ba shi da ƙarfi, kamar roba. Tambayar masana ita ce: ta yaya zare guda ya tara duka biyu?

An riga an san cewa furotin ne aka yi zaren da shi, kamar gashi da farce. Shi furotin tamkar carbi ne mai tsawo, ƴaƴan carbin su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. A shekarar 1990 Randy Lewis da abokin aikinsa a Jami'ar Wyoming suka karanto wani sashe na jerin furotin ɗin zaren lilo. Suka ga amino asid biyu ne suka fi yawa, wato gilisin da alanin. Alanin yana zuwa a jere, shida ko bakwai ko fiye, sannan wani dogon sashe mai yawan gilisin ya biyo baya, haka dai ake ta maimaitawa. Sai dai sanin jerin ƴaƴan carbi daban, sanin yadda aka naɗe carbin a cikin zare daban.

3.0 Na'urar Amsa-amon Maganaɗisu

Hasken ekisre, wanda aka saba duba ƙirar abubuwa da shi, yana nuna sassan da suka jeru tsaf kamar ƙwayar gishiri, amma ba ya faɗin abu mai yawa game da sassan da suke a hargitse. Zaren gizo-gizo kuwa mafi yawansa bai jeru tsaf ba. Don haka Jelinski ta juya ga wata hanya da ake taƙaita sunanta da NMR, wadda za a iya kira awon amsa-amon maganaɗisu.

Asalin hanyar shi ne, cibiyar wasu ƙwayoyin zarra, kamar ta haidurojin, tana da hali irin na ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sa abu a cikin babban maganaɗisu mai ƙarfi, aka aika masa da igiyar rediyo, sai waɗannan cibiyoyi su karɓa, su mayar da amsa. Kowane irin ƙwayar zarra yana da zangon da yake amsawa a kansa, kamar yadda kowane gidan rediyo yake da mitarsa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, amsar tana ɗan sauyawa gwargwadon abin da ke kewaye da ƙwayar. Misalin kalangu ya dace a nan: ganga ɗaya ce, amma muryarta tana sauyawa bisa yadda makaɗi ya matse tsarkiya ko ya sassauta. Mai kunne yana jin amon ya san yanayin tsarkiyar ko da bai ga kalangun ba.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan hanya a 1946, kowa da nasa ɗakin gwaji, aka ba su kyautar Nobel a 1952. A kan wannan ilimi ne aka ƙera na'urar MRI da ake ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci da ita a manyan asibitoci.

4.0 Dabarar Ciyar da Gizo-gizo

Akwai matsala guda. Haidurojin yana ko'ina a jikin zaren, don haka idan aka saurare shi, amon zai zama kamar hayaniyar kasuwa. Abin da ake so shi ne a ji muryar alanin shi kaɗai.

Dabarar da aka yi ita ce amfani da duteriyam, wato wani nau'in haidurojin mai nauyi ninki biyu, wanda ba shi da yawa a duniya, kuma yake amsawa a wani zango daban. Masu binciken suka samo alanin da aka musanya wasu ƙwayoyin haidurojin ɗinsa da duteriyam, suka shayar da gizo-gizon da shi. Nau'in da suka yi aiki da shi shi ne wanda a lokacin ake kira Nephila clavipes, babban gizo-gizo mai zare ruwan zinariya da ake samu a kudancin Amurka. Jikinsa ya ɗauki wannan alanin mai alama ya sa a cikin zare. Daga nan aka riƙa jawo zaren daga jikinsa a hankali ana naɗewa, har aka tara abin da zai isa awo.

Amsar da duteriyam yake bayarwa tana sauyawa gwargwadon inda ya fuskanta a cikin maganaɗisu. Saboda haka, idan aka jera zaruruwan suka kalli gefe guda, aka auna, za a gane ko alanin ɗin ya bi tsawon zare a miƙe ko kuwa ya karkace.

5.0 Abin da Aka Gano

Tun a 1994 ƙungiyar ta nuna cewa jerin alanin yana ninkuwa ya zama shimfiɗu, shimfiɗun kuma su hau kan juna kamar tabarmin da aka jibge, su zama ƴan dunƙule masu tauri. A 1996 Alexandra Simmons da Carl Michal da Jelinski suka buga babban sakamakon a mujallar Science. Sun gano cewa waɗannan sassa masu alanin iri biyu ne. Kusan kashi 40 cikin 100 sun jeru tsaf, sun bi tsawon zaren. Sauran kashi 60 kuwa ba su miƙe sosai ba, kuma ba su matsu da juna kamar na farko ba.

Ke nan a cikin zare guda akwai sassa uku: dunƙule masu tauri, da sassa masu laushi inda gilisin ya yi yawa, da kuma wannan na tsaka-tsaki. Ana iya kwatanta su da komar masunta. Dunƙulen su ne ƙulle-ƙullen da suke hana koma warwarewa, sassa masu laushi su ne igiyoyin da suke ba da kai idan kifi ya bugo. Masu binciken sun yi hasashen cewa sashen tsaka-tsaki shi ne yake haɗa tauri da laushi, don kada zaren ya rabe a inda suka gamu.

Wannan ƙira ta kuma bayyana wani hali na zaren lilo da aka daɗe da lura da shi. Idan aka jiƙa shi ba a ɗaure ba, yakan tsuke har ya koma kusan rabin tsawonsa. Awon NMR ya nuna cewa ruwa yana shiga sassa masu laushi ne ya sa su motsi, dunƙulen alanin kuwa suna nan yadda suke.

6.0 Daga Sani Zuwa Saƙa

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana a kiwata gizo-gizo kamar yadda ake kiwon tsutsar alharini? Amsa ita ce ba sa zama wuri ɗaya, sukan cinye juna, kuma zaren da kowane yake bayarwa kaɗan ne. Wata alkyabba da aka saƙa da zaren gizo-gizo a Madagaska, aka baje ta a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan a 2012, sai da aka tatsi gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya kafin a kammala ta.

Don haka aka koma neman furotin ɗin ta wata hanya. A farkon shekarun 2000 kamfanin Nexia na Kanada ya samar da awaki masu ɗauke da ƙwayar halittar gizo-gizo, waɗanda furotin ɗin yake fitowa a nononsu. An sami furotin, amma zaren da aka kaɗa da shi bai kai na asali ba. A nan ne aka gane cewa ba samun furotin kaɗai ake bukata ba, sai an sarrafa yadda yake ninkuwa.

A jikin gizo-gizo furotin ɗin ruwa ne mai kauri. Yayin da yake bi ta wani siririn bututu zuwa waje, tsami yana ƙaruwa, ana janye ruwa, jan da ake yi kuma yana miƙar da shi, sai ya fito a matsayin zare. A 2010 masana a Jamus, ciki har da Horst Kessler da Thomas Scheibel, suka yi amfani da NMR suka nuna cewa ƙarshen furotin ɗin yana aiki kamar makunni: yana hana shi daskarewa a cikin jaka, sannan ya taimaka masa ya jeru a cikin bututu. A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Donghua ta ƙasar Sin suka ba da rahoton tsutsar alharini da aka sauya wa ƙwayar halitta, wadda take kaɗa zaren gizo-gizo da kanta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin zaren gizo-gizo bai dogara ga wani sinadari na musamman ba, domin alanin da gilisin suna cikin mafi sauƙin amino asid. Sirrin yana cikin yadda aka tsara su, tauri a wani wuri, laushi a wani, da abin da ya haɗa su. Awon amsa-amon maganaɗisu ne ya ba da damar ganin wannan tsari. Masu neman zaren ɗinkin tiyata da tufafi marasa nauyi suna ci gaba da ƙoƙarin kwaikwayon abin da gizo-gizo yake yi da ruwa kawai, ba wuta, ba sinadari mai guba.