Libarba a Cikin Saƙo: Doka Tsakanin Mazauna Ƙetare da Cirozerin

Aika ƙaramar bindiga, wato libarba ko fistol, ta gidan waya ko ta kamfanonin dakon saƙo al'amari ne da dokoki uku ke hawa kansa lokaci guda: dokar ƙasar da ƙunshin zai fita, ƙa'idar kamfanin da zai ɗauka, da dokar ƙasar da zai sauka. Izinin mallakar bindiga da mutum ya samu a inda yake zaune ba ya bin ƙunshin ya ƙetare iyaka. Nan ne wasu mazauna ƙetare ke yin tuntuɓe, musamman na Amurka, inda sayen bindiga bai da wuya.

Ba a banza batun ke tasowa ba. Cirozerin gari ne a ƙasar Abzin ta Nijar, arewa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke haƙo kwal a Anu Araren yana samar da wutar da Agadas da Arlit ke amfani da ita. Aikin kamfanin da kasuwa sun tara Abzinawa da Hausawa da sauran ƙabilu, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 makamai sun kwararo cikin Sahara, sannan a 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarkatan, hanyoyin daji suka cika da motocin masu haƙa, 'yan fashi suka biyo baya. Idan saƙon murya ya iso ta WhatsApp cewa an tare motar ƙanen mutum an kwashe masa guzuri da ɗan abin da ya samo, shi kuwa yana zaune a Greensboro ko Bronx a Amurka, dole zuciyarsa ta raya masa ya aika abin kare kai. Damuwar gaskiya ce, amma babu halattacciyar hanyar da za ta biya ta ta cikin kwali.

A Amurka, dokar 1927 ta hana talaka sa bindigar da za a iya ɓoyewa a jiki cikin saƙon gidan waya. An keɓe masu ƙera bindiga da dillalai masu lasisin gwamnatin tarayya da wasu jami'ai. Doguwar bindigar farauta tana da ɗan sassauci, amma ita ma an ɗaure ta a 1968, shekara 5 bayan an kashe Shugaba Kennedy da bindigar da aka yi odarta ta gidan waya. Daga lokacin, bindigar da za ta tashi daga hannun wani a wata jiha zuwa hannun wani a wata jihar sai ta bi ta wurin dillali mai lasisi. Can mai karɓa zai je ya nuna katin shaida, ya cika takarda. Kamfanonin UPS da FedEx, waɗanda a da suke karɓa daga kowa bisa sharaɗi, yanzu sun taƙaita hidimar ga masu lasisi da suka ƙulla yarjejeniya da su. Masu rajin 'yancin riƙe bindiga sun kai ƙarar dokar 1927 kotu, sai dai duk yadda aka ƙare, magana ce ta cikin gida. Akwai kuma abin da baƙo ya kamata ya sani tun kafin ya taka shagon bindiga: wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara ba shi da damar riƙe bindiga sai a 'yan yanayi kaɗan, kuma laifin bindiga yana cikin dalilan da ake tasa ƙeyar mutum gida ko da yana da katin zama na dindindin.

Fitar da bindiga daga Amurka kuwa wani babi ne daban. Daga Maris 2020 Ma'aikatar Kasuwanci ce ke ba da lasisin fitar da yawancin ƙananan bindigogi, aikin da a da yake hannun Ma'aikatar Harkokin Waje. Ana son a san mai karɓa da abin da zai yi da ita, a kuma ga izinin shigarwa daga ƙasarsa. Ba a yafe wa guda ɗaya, ba a yafe wa kyauta, kuma harsashi da manyan sassan bindiga suna ƙarƙashin hukuncin. Fasa-ƙwaurin kaya daga Amurka na iya jawo ɗaurin shekara 10. A Faransa, libarba sai da izinin hukuma, kuma ko a cikin ƙasar ana raba ta ƙunshi biyu a aika su da tazarar aƙalla awa 24. A Birtaniya an haramta wa farar hula mafi yawan ƙananan bindigogi tun 1997, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane.

Ko da an ƙetare duk wannan, saura ƙofar gida. A Nijar riƙe bindiga da shigo da ita sai da takardar izini daga Ma'aikatar Cikin Gida, kuma jihar Agadas ta san dalilin wannan tsanani fiye da ko'ina. Tawayen da ya faro a 1990 ya kai ga yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995. A 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. A 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi aka cinna musu wuta a Agadas a bikin Wutar Zaman Lafiya. Bayan haka ma an sake shan wani tawayen daga 2007 zuwa 2009, da nakiyoyi a kan hanyoyin Abzin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta hana safarar ƙananan makamai zuwa ƙasashen yankin sai da izini na musamman. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairu 2025 ba ta soke dokarta ta cikin gida ba, kuma ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2015. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba a jerin waɗanda sai shugaban ƙasa ne ke ba da lasisinsu, yayin da bindigar toka ta maharba ke hannun kwamishinan 'yan sanda.

Inda batun ya fi taɓa jama'a shi ne al'adar saƙo. Kayan mazauna ƙetare ba kasafai suke bin gidan waya ba. Ana cika shuɗin durom da shinkafa, man shafawa, takalman yara da wayoyi, a rubuta suna da lambar waya da alƙalami a jikinsa, a haɗa da na wasu mutum goma a kwantena ɗaya. Daga tashar jirgin ruwa ta Lome sai tirela ta ratsa Burkina Faso zuwa Yamai, sannan motar haya ta kama doguwar hanyar Tawa zuwa Agadas, tana tsayawa a shingen duwan da na jandarma. Ko kuma a ga mai tafiya gida a ce masa: «Don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa Hajiya.» Kunya ba ta barin ya ce a buɗe. Amma a idon doka, wanda sunansa ke kan takardar kaya da wanda aka kama jakar a hannunsa su ne za su fara amsa tambaya, kuma bindiga ɗaya ta isa a tsare kwantena gaba ɗaya da kayan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya cusa makami a irin wannan kaya ya ci amanar duk wanda ya haɗa da shi.

An ga misalin haka. A 2021 wani manjo na sojan Amurka ya ɓoye bindigogi a ƙarƙashin shinkafa da kayan gida cikin shuɗayen durom, ya aika daga Baltimore zuwa Tema. Jami'an kwastan na Gana suka gano, suka sanar da Amurka. A 2024 kotu ta same shi da laifi, daga baya aka yanke masa wata 70 a gidan yari. Kakinsa bai cece shi ba. Jami'an tashoshin yankin ma a faɗake suke: a Yuli 2024 kwastan na Najeriya sun nuna bindigogi 844 da suka kama a kwantena ɗaya a tashar Onne.

Saboda haka mai haɗa kwantena ko matafiyin da ya ce sai an kwance ƙunshi a gabansa, an rubuta abin da ke ciki, mai kaya ya sa hannu, yana da gaskiya, ko da mai saƙon yayansa ne. Mazaunin Cirozerin da sana'arsa ke buƙatar makami, shi da kansa zai nemi izini a wurin hukumomin Nijar. Wanda kuma zai koma gida daga Amurka yana da bindigar halal, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sayar da ita ga dillali mai lasisi kafin ya tashi, ya riƙe rasidin.