Zazzaɓin da Ke Biyo Bayan Kemo

Kwana 7 zuwa 14 bayan an yi wa mai ciwon daji ƙarin ruwan kemo, fararen ƙwayoyin jininsa kan yi ƙasa sosai. A wannan tsakanin zazzaɓi ke zuwa, mu kuwa a nan hankalin kowa sai ya tafi kan maleriya ko taifot. Alhali wani lokaci abin da ke yawo a jinin nau'in funfuna ne da likitoci ke kira Kandida.

Kandida ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a baki da hanji da fatar mai lafiya. Ita ce farin abin nan da kan shimfiɗu a harshen jariri. Ƙofa kawai take jira, kuma kowane magani da ƙofar da yake buɗe mata.

Mai sankarar jini ya fi shiga haɗari. Kemo na saɓule fatar cikin baki da hanji, har ruwa ya gagare shi haɗiya, ga shi babu garkuwa. Ta nan nau'in Kandida da ake kira tropicalis kan kutsa jini. Wanda aka yi wa tiyatar hanji, aka daɗe ana ɗura masa maganin kashe bakteriya, an share wa Kandida albicans fili. Kandida parapsilosis kuwa daga hannun ma'aikata take hawa bututun robar da aka zura a babbar jijiya, ta manne masa. Fulkonazol, maganin funfuna da ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ɓargo don rigakafi, ya ceci rayuka, sai dai ba ya kama Kandida krusei, ita ma glabrata takan bijire masa.

Abin da ya fi damuna shi ne gwaji. Shukar jini a ɗakin awo na ɗaukar kwanaki, kuma kusan rabin masu cutar kaɗai take ganowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka albicans cikin funfunai huɗu mafiya haɗari a jerin da ta fitar a 2022, amma asibitocinmu da yawa ba sa iya bambance nau'o'in.

Don haka idan zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana huɗu ana maganin bakteriya, mai jinya ya tambayi likita ko an duba funfuna. In an same ta, akan cire bututun in ya yiwu, a leƙa cikin ido, a ci gaba da magani kwana 14 bayan jinin ya washe.