Kayan wasan yara ba sai da kuɗi ba

Wasa ba ɓata lokaci ba ne ga yaro. Da wasa hannunsa ke ƙwarewa, hankalinsa ke buɗewa. Kuma kayan wasa ba sai an je kasuwa ba.

Bayan girbi, karan hatsi da na dawa sun wadata. Uba yana iya fere kara, ya haɗa wa ɗansa mota. Uwa ta ɗinka ƴar tsana da tsumma mai tsabta. Da yumɓu yara kan gina shanu, raƙuma da tukwane, su shanya a rana. Jariri kuwa, a zuba masa tsakuwa cikin ɗan duma, a toshe bakin sosai, ya riƙa kaɗawa.

Amma iyaye, a yi hattara. Kada a ba yaro gwangwanin maganin ƙwari, ko da an wanke shi, domin guba ba ta fita duka. A nisanta shi da leda, tsohon batir da gwangwani mai tsatsa. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kome ya samu baki yake kaiwa. Kada a bar masa maɓalli, tsakuwa ko ƙwayar gujiya, domin suna iya shaƙe shi.