Manhaja Ta Maƙale a Tsakiyar Sakawa? Ga Yadda Ake Gyara Ubuntu Ba Tare da Goge Komai Ba

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, na lura 'yan uwanmu da dama a nan Kudu sun karkata zuwa Ubuntu da Linux Mint. Da yawa daga cikin kwamfutocin tokunbo da ake saya a Computer Village da ke Ikeja ko a kasuwar Alaba sun kwana biyu, Windows 11 ba ta yarda ta hau kansu. Su kuwa Ubuntu da Mint kyauta ne, kuma ba sa raina tsohon inji.

Sai dai akwai matsala ɗaya da ake yawan kawo mini a wurin gyara, daga masu shagon buga takardu a Agege har ɗaliban da ke turo mini hoton allo daga Sabo ta Ibadan. Mutum yana cikin saka manhaja sai a ɗauke wuta, batir kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Ko data ta ƙare ana tsaka da saukewa. Daga ranar, duk abin da ya nemi sakawa sai kwamfuta ta watso masa Turanci ta ƙi. Idan ya je wurin mai gaggawa, abin da zai ji shi ne a goge komai a sake ɗora sabuwa. Nan take takardun kwastomomi, hotuna da lissafin shago sun shiga haɗari, ga kuɗin aiki, ga kuɗin datar sake sauke duk manhajojin. Alhali sau da yawa gyaran bai wuce umarni uku ko huɗu ba.

Me ke faruwa a ciki?

Ubuntu daga Debian ta samo asali, Mint kuma daga Ubuntu, shi ya sa ma'aikata biyu iri ɗaya ke kula da manhajojinsu: apt da dpkg. Ka ɗauki apt a matsayin ɗan aike. Shi ke shiga intanet ya ɗauko manhajar da ka nema tare da duk ƙananan kayan da ba za ta yi aiki sai da su ba. Shi kuma dpkg mai sito ne. Yana kwance ƙunshin, ya jera kowane fayil a wurinsa, ya saita shi, sannan ya rubuta a littafinsa cewa an kammala. Littafin nan fayil ne na gaske, yana zaune a /var/lib/dpkg/status.

Idan wuta ta ɗauke tsakanin kwancewa da saitawa, littafin zai nuna akwai aikin da aka bari a rabi. Mai sito kuwa ba ya karɓar sabon kaya sai an rufe lissafin baya. Ke nan kwamfutarka ba lalacewa ta yi ba, jira take ka ƙarasa abin da aka fara.

Kafin komai, kwafe muhimman fayilolinka a filash. Ka tabbatar akwai wuta ko janareta da isasshiyar data. Sai ka danna Ctrl, Alt da T tare, baƙin allon rubuta umarni zai buɗe. Idan ya nemi lambar sirri, ba za ka ga abin da kake bugawa ba. Haka yake, buga kawai ka danna Enter.

Idan ta ce "Could not get lock"

Wannan saƙon yana nufin wani aikin yana riƙe da sito a yanzu. A Ubuntu yawanci sabuntawar tsaro ce da ke gudana da kanta jim kaɗan bayan an kunna kwamfuta, ko kuma ka bar shagon manhajoji a buɗe. Rufe shi, ka ba ta kamar minti goma sha biyar.

A nan ne nake roƙon jama'a su yi hattara. Za ka ga ana yawo da shawarar a goge fayil ɗin lock-frontend. Shi wannan fayil kullum yana nan, ko ana aiki ko ba a yi. Aikin da ke gudana shi ke riƙe da kullen, da ya tsaya kuma kullen ya saku. Idan ka goge fayil ɗin alhali ana aiki, ka buɗe ƙofa ma'aikata biyu su yi rubutu a littafi ɗaya lokaci guda, wannan kuwa shi ke jawo ɓarnar gaske. Idan ka jira bai saki ba, sake kunna kwamfutar ta hanyar da aka saba.

Idan ta ce "dpkg was interrupted"

Wannan shi ne ciwon ɗauke wuta, kuma saƙon da kansa ya faɗi maganin:

sudo dpkg --configure -a

Umarnin yana sa dpkg ya bi duk ƙunshin da aka kwance ba a saita ba, ya ƙarasa su. Wani lokaci yakan ɗau mintuna. Ko ka ga kamar ya tsaya, kada ka rufe allon.

Idan ta ce "Unmet dependencies"

Wato manhaja ta shigo amma kayan haɗinta ba su cika ba. Rubuta waɗannan biyun, ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
sudo apt --fix-broken install

Na farko yana sabunta jerin abin da ake da shi, na biyu yana ɗauko abin da ya rage. Amma kafin ka danna Y, karanta. Idan ka ga kalmar REMOVED da dogon jeri a ƙarƙashinta, musamman in akwai ubuntu-desktop a ciki, danna N ka nemi wanda ya sani. Wani lokaci hanyar da apt ke zaɓa ta warware rikici ita ce cire abubuwa, kuma kana iya wayar gari babu allon da ka saba gani.

Idan har yanzu ta ƙi

Duba fili tukuna. Umarnin df -h zai nuna maka yadda faifai ya cika. Idan wani sashe ya kai 100%, babu abin da zai saku sai ka rage kaya. Umarnin sudo apt autoremove yana share tsofaffin abubuwan da ba a buƙata. Shi ma sudo apt clean yana ba da fili, kuma yana maganin ƙunshin da ya sauko a lalace, sai dai ka sani duk abin da aka riga aka sauke zai tafi, ka sake biyan data a kansa. Shi ya sa ba na fara gyara da shi.

Idan manhaja ɗaya ce tak ke ta da rigima, umarnin dpkg --audit zai fito da sunanta. Sai ka rubuta sudo apt install --reinstall ka bi shi da sunan. Akwai umarnin tilastawa masu ɗauke da kalmar force. Suna da ranarsu, amma ba na ba sabon hannu shawarar taɓa su.

Idan kuma 404 kake gani a kusan kowane layi, duba wace Ubuntu gare ka. Waɗanda ba LTS ba wata tara kawai ake tallafa musu, bayan nan a kwashe kayansu daga inda apt ke nema. Masu LTS, irin su 22.04 da 24.04, shekara biyar gare su. Mai shago ya tsaya a kan LTS ya huta.

Rigakafi

Abu uku nake gaya wa duk wanda na ɗora wa Ubuntu. Kada ka fara babbar sabuntawa a kan wutar da ba ka da tabbas da ita in batirinka ba ya riƙe caji. Idan abokinka ya ba ka fayil mai ƙarewa da .deb a filash, shiga inda yake ka saka shi da sudo apt install ./sunan-fayil.deb domin apt ya ɗauko masa kayan haɗinsa, abin da dpkg -i ba ya yi. Sannan kada ka kwafo umarnin da ba ka fahimta ba, musamman mai farawa da sudo rm, domin abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara.

Wanda ya bi matakan nan a jere kuma abin ya faskara, ya ɗauki hoton saƙon gaba ɗaya, daga layin farko har na ƙarshe, ya kai wa mai gyara. Ya kuma ce masa a fara gwada gyara kafin a yi maganar gogewa. Allah Ya ba da sa'a.