Murhun Gas Marar Bututun Hayaƙi: Me Ya Sa Yake Bukatar Iska?

A ƙasashen da sanyi yake tsanani, kamar Amurka, gida ba ya zama gida sai da abin jin ɗumi. Tun da can mutanen wurin sukan gina murhu a jikin bangon falo, su yi masa dogon bututu wanda yake fitar da hayaƙi ta saman rufi. Daga baya aka ƙera wani irin murhu mai aiki da iskar gas wanda ba shi da bututu ko kaɗan. Yana da sauƙin kafawa, kuma kusan dukan zafinsa a cikin ɗaki yake tsayawa. Amma fa duk abin da wutar ta haifar shi ma a cikin ɗakin yake tsayawa, masu gida su shaƙa. Wannan ne dalilin da ya sa batun iska ya zama batun rai da mutuwa.

Bari mu fara da abin da muka koya a darasin kimiyya. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin wajen kashi 21 cikin 100. Wuta ba ta ci sai da oksijin, kamar yadda mutum ba ya rayuwa sai da shi. Kafin mudu ɗaya na gas ɗin misen ya ƙone sarai, yana bukatar mudu 2 na oksijin, wato wajen mudu 10 na iska ke nan. Idan iskar ta wadata, abin da wutar take fitarwa shi ne kabon dayoksaid da tururin ruwa. Idan kuwa iskar ta gaza, gas ba ya ƙonewa sosai, sai a sami kabon monoksaid. Duk ɗalibin da ya taɓa kunna murhun Bunsen ya ga wannan da idonsa: in an buɗe ramin iska harshen wutar shuɗi ne, in an toshe sai ya koma rawaya yana baƙanta gindin kwalba.

Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Idan ya shiga huhu yakan manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Saboda haka jini yana zagayawa, amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna cikin yunwa. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa akan ɗauka mura ce ko gajiya. Wanda yake barci kuwa ba ya jin kome, sai dai barcin ya zarce. Sanannen marubucin nan na Faransa, Emile Zola, ta haka ya mutu a ɗakin kwanansa a birnin Faris a shekarar 1902, domin bututun murhunsa ya toshe.

To, waɗanne matakai aka ɗauka? Tun daga shekarar 1980, irin wannan murhu da ake sayarwa a Amurka yana zuwa da na'urar gane ƙarancin oksijin. Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Akwai wata 'yar ƙaramar wuta da take ɗumama wani ɗan ƙarfe, muddin ƙarfen yana da zafi kuwa ƙofar gas a buɗe take. Idan oksijin na ɗakin ya sauka zuwa wajen kashi 18 cikin 100, 'yar wutar takan ɗage daga kan ƙarfen, ya huce, gas ya yanke. Sai dai a lura, oksijin kaɗai take aunawa. Murhun da ƙura ko gashin dabba ya toshe masa ramukan iska yana iya fitar da guba alhali oksijin bai ragu sosai ba. Don haka ake son a kafa ƙararrawar kabon monoksaid dabam, kusa da ɗakunan kwana.

Mataki na biyu shi ne auna girman ɗaki. Ana auna ƙarfin murhu da ma'aunin zafi da ake kira BTU. Ƙa'idar Amurka ita ce a sami fili mai kubik ƙafa 50 ga kowane BTU 1,000 a awa guda. Ga misali: ɗaki mai tsawon ƙafa 12, faɗin ƙafa 12, da tsayin ƙafa 8 yana da kubik ƙafa 1,152. In an raba da 50 za a ga bai wuce ya ɗauki BTU 23,000 ba. Murhu mai BTU 30,000 yana bukatar kubik ƙafa 1,500, ashe ya fi ƙarfin wannan ɗaki. A irin wannan hali sai a buɗe kafofi biyu na dindindin zuwa wani ɗaki ko zuwa waje, ɗaya kusa da rufi, ɗaya kusa da ƙasa. Haka nan kuma ba a yarda murhun ya wuce BTU 40,000 ba. A ɗakin kwana iyakarsa 10,000, a banɗaki 6,000, inda dokar wurin ta yarda ke nan. Jihar Kalifoniya ma hana sayar da shi ta yi domin ɗumama gidajen zama.

Akwai kuma batun laima. Murhu mai BTU 30,000 yana zuba kusan lita ɗaya ta ruwa cikin iskar ɗaki a kowace awa. A gidan da aka toshe ko'ina domin tsoron sanyi, ruwan nan yakan taru a jikin tagogi da bango, har su yi fumfuna. Maganin wannan da na gurɓatar iska duk ɗaya ne: a ɗan buɗe taga kamar faɗin yatsa biyu, kada a bar murhun yana ci dare da rana, kada kuma a kwanta barci a bar shi a kunne. Sau ɗaya a shekara a kira gwani ya share shi ya duba. In an ga baƙin toka a bango ko a labule, a kashe shi nan take.

Wani zai ce, ina ruwanmu da murhun Amurka? Ai kuwa da ruwanmu. Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu murhu ne marar bututu, kuma ba shi da na'urar da za ta kashe shi. Garwashi yana fitar da kabon monoksaid da yawa ko da ba a ga hayaƙi ba. Haka risho da murhun gas na girki idan an kunna su a rufaffen ɗaki domin jin ɗumi. Janareta ya fi su duka haɗari, shi ya sa wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga, ba cikin zaure ko baranda ba. Jarirai, mata masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya ko na huhu su ne suka fi saurin galabaita.

Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai da jiri a lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fitarsu waje, a zargi iskar ɗakin. A buɗe ƙofofi, a fitar da kowa, a kashe wutar in ba haɗari, a garzaya asibiti, domin a can ne za a ba su oksijin. Kada a tsaya neman maganin ciwon kai.

Ya ku ɗalibai, in kun koma gida hutun Kirsimeti sanyi ya kankama, ku bayyana wa iyayenku da ƙannenku wannan. A ji ɗumi a tsakar gida, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo. Rigakafi dai ya fi magani.