Kiriyatin: daga tukunyar Inna zuwa gwangwanin kanti

Ranar Juma'a ɗan ƙanwata ya shigo gidana a Yamai riƙe da gwangwanin wani farin gari. Ya ce, "Kawu, kiriyatin ne, duk masu ɗaga ƙarfe shi suke sha." Da ya faɗi kuɗinsa na ce, "Kai yaro! Ai wannan cefanen nama ne na kwanaki." Ya yi dariya, ni kuwa sai na tuna da tukunyar mahaifiyata a Gigime.

Kiriyatin ba baƙon abu ba ne. Wani masanin Faransa, Michel Chevreul, shi ya fara gano shi cikin nama a 1832. Kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke jikinmu yana cikin tsoka, inda yake ba da ƙarfin gaggawa, irin na ɗan kokowa sa'ad da zai ɗaga abokin karawarsa. Baligi na ƙarar da kamar giram 2 a yini. Hanta da ƙoda suna haɗa wajen rabi, sauran daga abinci. Kilo guda na ɗanyen naman sa yana da giram 4 zuwa 5, kifi ma yana da nasa, nono ɗan kaɗan. Gero, dawa da wake kuwa kusan babu.

To a nan lissafin ya canja. Muna yara, kifin tafkin Cadi ba abin marmari ba ne, banda ce ake zubawa a miya ba a ƙirgawa. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi, ruwa ya ja baya nesa da gari. A 2015 kuma, saboda rikicin Boko Haram, hukuma ta hana sana'ar kifi a jihar Diffa. Yau a gidaje da yawa ɗanɗano ne ke riƙe da miya, nama sai suna ko Layya.

Kada a tsorata, mai cin tuwo da wake jikinsa na ci gaba da haɗa nasa, sai dai ajiyar tsokarsa ba ta kai ta mai cin nama ba. Babbar asarar ita ce abin da ke tafiya tare da naman: sinadarin ƙarfe mai gina jini da bitamin B12, waɗanda garin gwangwani ba ya bayarwa. Masu ciki, yara da tsofaffi su ne ke fara ji a jika.

Ban hana yaron shan garinsa ba. Na dai tambaye shi, "Yaushe rabon kakarka da kifi?" Ya sunkuyar da kai. Na ce idan wannan ya ƙare, kuɗin na gaba a raba biyu, rabi a aika wa Inna ta sayi banda. Ya ce, "To Kawu, in sha Allah." Ƙarshen wata zan tuna masa.