Yaron da Wuyansa Bai Tsaya Ba

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba abin mamaki ba ne ka tarar da gidan da ke da yaro ɗan shekara biyu ko uku wanda har yanzu bai zauna ba, wuyansa na lilo, hannuwansa a dunƙule, in an ɗaga shi ƙafafu su sandare su harɗe. Kowa da fassararsa. Wani ya ce ɗan ruwa ne, wata ta ce aljanu suka yi musanye, wasu kuma su ɗora wa uwar laifin fita da magariba lokacin da take da juna biyu. Likitoci na kiran wannan lalura shanyewar ƙwaƙwalwa: rauni ne da ya sami sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, tun yaro na ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarunsa na farko. A duniya tana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000.

A asibitocin ƙasar nan, musabbabi biyu ne kan gaba. Na farko doguwar naƙuda, a haifi jariri bai yi kuka ba, ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska. Na biyu shawarar jarirai, wadda ke mayar da ido da fata ruwan ɗorawa a makon farko. Sai sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da haihuwar bakwaini. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin a yankinmu: matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauye ta wajen Sheme ko 'Yankara, wa zai ɗauko ta a babur kafin gari ya waye? Shi ya sa duk wadda aka gaya wa a wajen awo cewa haihuwarta na iya zuwa da gardama, gara ta koma gidan dangi kusa da asibiti tun watan haihuwa bai kama ba. Jaririn da idonsa ya sauya kuwa, a kai shi asibiti a ranar. Shanya shi a hantsi da ɗura masa ruwan sukari ɓata lokaci ne.

Raunin da ya riga ya auku ba ya gogewa, amma kuma ba ya ƙaruwa, kuma ba a ɗaukarsa. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai tayar da yaron nan cikin mako biyu, kuɗinka yake so. Iyaye da yawa sun sayar da awaki da buhunan masara a kan hayaƙi da tsaga da sakiya, ƙarshenta yaro ya tashi da tabo, gaɓɓai kuma sun ƙara ƙagewa. Addu'a dai ba ta hana neman magani.

Abin da ke taimakawa shi ne gashin ƙashi, wato motsa gaɓɓai bisa ƙa'ida. Akwai sashensa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala. A fara da babban asibiti mafi kusa, Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi, a nemi takardar turawa.

Uwar da ta je karon farko takan dawo da sanyin jiki. Ta biya kuɗin mota mai yawa, ta bi hanyar da ake bi da fargaba, ga shi ba a yi allura ba, ba a ba da ƙwaya ba. An kwantar da yaro rub da ciki, an miƙe ƙafa an lanƙwasa, an nuna masa abin wasa ya bi da ido, aka ce ta dawo. Maƙwabta su ce: "Wannan ne aka je yi har Zariya?" Nan ne da yawa ke yanke ƙauna. Alhali zuwan asibiti koyo ne. Aikin kansa a tsakar gida ake yin sa, kullum, sau biyu ko uku, a kan tabarma. Ci gaban kuma a hankali yake zuwa. Watanni na iya shuɗewa kafin wuya ya tsaya, bayansa juyi, bayansa zama da tallafi. Wani yaron zai yi tafiya, wani da sanda, wani keken guragu ne zai zama ƙafarsa. Ko wanda ba zai taka ba, motsin na hana gwiwa da idon sawu ƙagewa, yana sauƙaƙa wanka da goyo da ciyarwa.

Kada a ja gaɓa da ƙarfi; in yaro ya tsandara kuka, an wuce iyaka. Kada a bar shi kwance wuri guda wuni zubur. Kafinta na iya haɗa masa kujera mai kusurwa da za ta riƙe bayansa, a kafa gora biyu a tsakar gida ya riƙa dafawa. Abinci a ba shi yana zaune, kansa a miƙe, da cokali kaɗan-kaɗan, domin ɗura a kwance na iya tura kunu cikin huhu ya jawo ciwon haƙarƙari. In yana da farfaɗiya, wadda takan zo tare da lalurar, tana da magani a asibiti, kuma ba a daina shan sa sai da izinin likita.

Magidanta, aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Matar da ke girki da ɗiban ruwa da renon ƙanne ba za ta iya ita kaɗai ba. Uba ya koya, kaka ta koya, yayye su koya. Sakin mace don ta haifi irin wannan yaro zalunci ne.

Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake, harshe ne da hannu suka ƙi ba su haɗin kai. A riƙa yi musu hira, a fito da su cikin yara, a kai su makarantar allo da ta boko. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu. Jaririn da ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, a kai shi a duba, kada a jira a ce sai an yaye shi.